Zoben Zuhal da Amanar da Na Kai Agege

A Mokwa motarmu ta fara nuna halinta. Hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin kujerar direba, aka ce kowa ya sauka. Muka zauna a gindin wani mangwaro, ni da 'yata ta fari, da wani kwali da ta rungume tun daga Kano kamar jariri. Sunan surukata aka sa mata, ga ta kuma 'yar fari, don haka ban taɓa kama sunanta ba. Ummi muke ce mata. Ita kuma ta tashi ta ji ƙannena suna ce mini Yaya, sai ta bi bakinsu. Har yau Yaya take ce mini.

Abin da ya fito da mu shi ne karatunta. Ta gama jami'a a fannin taurari, sai wata gidauniya a Ikko ta kira ɗalibai kowa ya zo ya nuna aikinsa. Za a zaɓi mutum ɗaya a tura shi ƙasar waje, inda ake da manyan na'urorin hangen sama. Amma sun sa sharaɗi: duk ɗaliba mace sai ta zo da uwa ko uba ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, wai an taɓa zaɓar wata, mutanen gidansu suka hana ta tafiya. Malam, mahaifinta, ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ya ce mini, "Asabe, ki je ki ce musu na yarda. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyin ɗauka."

Muna zaune ana gyaran mota, wani dattijo mai suna Malam Sale, dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, ya matso kusa da mu.

"'Yammata, wannan kwalin ƙwai ne a ciki? Tun Zariya nake lura, ko iska ba kya bari ta taɓa shi."

"Aikina ne, Baba. A kan zoben Zuhal."

"Zuhal na masu duba?"

Ta yi dariya. Ta ce masa Zuhal wata duniya ce can nesa, ta ninka tamu girma, kuma akwai zobe da ya kewaye ƙugunta. Zoben ba ƙarfe ba ne, gutsattsarin ƙanƙara ne, wasu kamar tsaki, wasu kamar ɗaki guda, suna ta zagayawa. Ta ce a littafi an ce wani wata ne ya matsa kusa da Zuhal fiye da kima, ƙarfin jan Zuhal ya farfasa shi tashi ɗaya, tun zamanin da babu kowa, ɓaraguzan suka zama zobe.

"To, tunda littafi ya faɗa, ke me ya dame ki?"

"Farinsa, Baba. In ka shanya farin yadi a waje ka manta da shi shekara da shekaru, yaya za ka same shi?"

"Tsumma."

"Shi kuwa zoben nan fari ne tas. Ni ina ganin ba tsohon ɓaraguzai ba ne kaɗai, ana ƙara masa sabo har yanzu. Akwai ƙananan watanni na ƙanƙara a cikinsa da gefensa. Tsakuwowi suna ta faɗa musu, kowace ta kankari kaɗan, abin da aka kankara ya zube a bayansu. Kamar jaki ne da hujajjen buhun gero yana zagaya masussuka. Tunda hanyarsa kewaye ce, abin da ya zubar shi ma kewaye zai yi."

Malam Sale ya shafa gemu. Can ya ce, "Wannan kam na gane. Ni ma tumatir ɗina ba a hatsari yake ƙarewa ba. Kowane shinge a ɗebi kaɗan, kafin Ikko kwando ya koma rabi. Ashe har a sama akwai shinge."

Mutanen da ke kusa suka kwashe da dariya. Ni na juya fuskata wajen titi ina ɓare gyaɗa, kamar ba da 'yata ake magana ba. Haka na koyi duk abin da na sani game da aikinta, ta bayan kunne, lokacin da take yi wa ƙannenta bayani ko wani baƙo. Ban taɓa zaunar da ita na ce faɗa mini ba. Ba a yin haka da 'yar fari.

A Ibadan direba ya sayar da mu. Ya tsaya a wata tasha ya ce motar ɗan'uwansa ce za ta ƙarasa da mu, ya nuna mana wata farar bas, aka sauke mana kaya. Kafin mu gama tattarawa ya juya ya ɓace. Mai farar bas ɗin ya ce shi bai san shi ba, bai taɓa ganinsa ba. Ruwan sama ya kece. Ummi ta cire mayafinta ta lulluɓe kwali, ta bar kanta a waje. Ni ban san Yarbanci ba, ban san Turanci ba, karatuna na ajin manya ne, sai na tsaya ina haɗa baƙaƙen allunan tasha ɗaya bayan ɗaya ko zan ga sunan garin da na sani. Malam Sale ne ya shiga cikinsu yana ta ɗaga murya da Yarbanci har aka yarda aka ɗauke mu. Shi ya ɗora kwalin a cinyarsa har Ikko. Da muka sauka ya saka mu a danfo, irin ƙananan motocin nan masu ruwan ɗorawa, ya ce wa kwandasta Agege. Na fara godiya ya katse ni.

"Hajiya, ki bar shi. 'Yammata, in kin je can kika hango shingen, ki gaishe su."

Ban sake ganinsa ba.

A Agege gidan Talatu muka nufa. Talatu aminiyata ce tun muna tallan dafaffiyar gyaɗa a Ɗambatta, faranti ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana. Ranar sunan Ummi, a gaban mata, mahaifiyata ta ɗauki jaririyar ta ɗora a cinyar Talatu ta ce, "Ga 'yarki nan." Ita ta huda mata kunne, a ɗakinta aka yaye ta. Daga baya mijinta, mai fataucin goro, ya ɗauke ta suka koma Ikko, amma babu Sallar da ta wuce ba ta aiko wa Ummi da atamfa ba. Ummi kuwa Mama take ce mata.

Gidan yana bakin layin dogo, dogon gida mai ɗakuna suna kallon juna, ko'ina kwandunan goro da warin danshin ganye. Talatu ta fito da gudu, ta yi ƙiba, ta yi haƙorin Makka.

"Oyoyo 'yata. Kai, kin rame, me ake ba ki a gidan nan? Ke kuma 'yar rakiya, shigo mana, kin tsaya kamar mai neman haya."

Muka rungume juna muka yi kuka, muka yi dariya. Bayan mun ci abinci na yi abin da ya kamata. Na ce, "Talatu, ga 'yarki nan na kawo miki. Malam ya ce a faɗa musu ya yarda. Ni na sauke."

Ta ce, "Kin gama naki. Sauran nawa ne."

Rabona da barci mai daɗi irin na ranar har na manta.

Talatu tana da ɗa, Kabiru, ya girmi Ummi. A Ikko ya tashi, in yana magana sai ka ji harshe uku a jimla ɗaya. Shi ma fannin da Ummi ta karanta yake karantawa, amma ya daɗe a jami'a, an sha mayar masa da aikinsa na ƙarshe. Yaro ne mai fara'a, in zai gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa. Da Ummi ta buɗe kwalin ya tsuguna yana kallo. Baƙin faranti ne babba ta ɗora a kan injin tsohuwar fanka, ta kafa dunƙulen gishiri a kansa, da wani mazubi da yake sakin yashi kaɗan-kaɗan daga sama. In farantin yana juyawa, yashi ya riƙa bugun gishirin, sannu a hankali sai farin layi ya fito ya kewaye. Ainihin aikin lissafi ne, yana cikin kwamfutarta, farantin don ido ne kawai.

"Wannan ai wuta ne, sista," in ji Kabiru. "Amma Turancinki na arewa ne, oga-ogan nan za su yi miki dariya. Kawo kwamfutar in goge miki shi. No wahala."

Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Talatu ta ce, "Ba shi mana, wa zai gyara miki in ba yayanki ba?" Ta ba shi.

Kwanakin da muka yi muna jiran ranar taro sun yi mini tsawo. Ruwa sai an saya, iska sai an fita nema. Jirgin ƙasa ya wuce gida ya girgiza, cokula su yi ta ƙara a kwano. Da magariba nakan fito tsakar gida in ɗaga kai, ba tauraro ko ɗaya, sama ta yi jaja-jaja kamar an hura wuta a bayanta. Sai in tuna gida, yanzu awaki sun shigo, ƙaramata tana kai wa Malam ruwan alwala, wa ya san ko ta tuna ta ɗumama. Matan gidan suna da kirki, wata Bazabarma ma kullum sai ta aiko mini da kunu, amma hirarsu da gudu take, rabi Yarbanci. Talatu da Kabiru ma in suna magana na shigo sai su juya harshe. Na lura, na ce sabo ne.

Kabiru ya riƙa zaunar da Ummi yana tambayarta, me ya sa kaza, in suka ce kaza me za ki ce. Wai yana horar da ita. Ta yi ta ba shi amsa, tana jin daɗi ta sami wanda ya san abin da take faɗa. Har ya ce ranar taro zai tsaya kusa da ita ya kula da injin, don wutar Ikko ba ta da alƙawari. Ni kaina na sa masa albarka.

Ranar taro muka tafi Ebute Metta mu huɗu. Wani tsohon bene ne kusa da kasuwa. Aka shigar da ɗalibai zaure, iyaye aka jera mu a benci a baranda. Ta taga na hango Ummi ta miƙe ta fara bayani. Kabiru yana gefenta da kwat, ya kunna injin, yana sa baki nan da can. Farin layi ya fito a kan baƙin faranti, manyan mutane suka miƙa wuya suna leƙe, aka tafa. Talatu ta dafe ƙirji tana cewa, "'Yata ce, 'yata ce." Ni na sunkuyar da kai ina gyara bakin zanena. Abin da yake cikin ƙirjina Allah kaɗai ya sani.

Bayan azahar aka fara kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai suna wani ɗaki. Shugabar masu zaɓen ta fito da kanta, wata farfesa Bayarabiya mai furfura da tabarau. Ta tsaya a gabanmu ta yi magana da Turanci. Kabiru, wanda ya fito wai zai yi mana tafinta, ya ce, "Ta ce wace ce mahaifiyarta a cikinku."

Baranda cike da mutane. Na ɗaga hannu na nuna Talatu na ce, "Ga uwarta nan."

Abin da uwata za ta yi ke nan, abin da kakata za ta yi ke nan. A garinmu macen da za ta buga ƙirji a cikin jama'a ta ce ni na haifi 'yar fari, sai an daɗe ana ba da labarinta. Kowa ya san amsar, kowa ya san ma'anarta. Talatu ma ta sani, fiye da kowa. Ta gyara mayafi, ta dafa kafaɗata, ta bi farfesa. Kabiru ya bi bayansu.

Ba su daɗe ba suka fito. Talatu ta saya mana lemo mai sanyi a bakin ƙofa. Ta ce, "An gama, sai addu'a."

Sakamakon a waya ya zo, wata ranar da hantsi. Ina wanke-wanke a tsakar gida na ji Kabiru ya yi ihu, ya fito daga ɗaki ya faɗi ya yi sujada. Talatu ta rangaɗa guɗa, matan gida suka fito. Na ɗauraye hannuna na shige ɗaki na rufo ƙofa, don kada a ga fuskata ana murnar 'yata. Na zauna a bakin katifa ina ta hamdala, ina tunanin yadda zan faɗa wa Malam.

Ƙofa ta buɗe, Ummi ta shigo. Ba kuka take yi ba. Ta tsaya a kaina.

"Yaya, me kika ce musu?"

"Su wa?"

"Masu zaɓen. Kabiru aka ɗauka. Sun ce ni na zo ta ɗaya, amma uwata ta ce ba ta yarda ba."

Na ce, "Ni ban shiga ba. Mamanki ce ta shiga."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

Washegari muka koma Ebute Metta mu biyu, ba mu faɗa wa kowa ba. Muka shiga danfon da ba shi ba, aka kai mu wata unguwa, muka dawo, muka ƙarasa da ƙafa. Mai gadi ya ce taro ya ƙare, ba shiga. Muna tsaye ina ce wa Ummi ta ƙara roƙonsa, sai wata mata da bokitin shara ta tsaya.

"Sannunku. Daga ina?"

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Sunanta Saratu, 'yar Kagoro ce, Kirista, ita take share ofis tana kai musu shayi. Ta ja mu gefe ƙarƙashin matakala. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta ajiye bokitin.

"Ke ce kika haife ta? Wayyo Mama. Ina ciki ranar, ina zuba shayi. Da Yarbanci matar ta yi magana, ina ji. Ta ce yarinyar 'yarta ce, ubanta ya rantse ba za ta ƙetare ruwa ba. Ta ce aikin ma yayanta ne ya fara, ita taya shi ta yi, don haka kada wahalar gidansu ta tafi a banza, a ba shi. Suka duba, suka ga sunansa yana nan kusa da nata."

Ummi ta ce a hankali, "Lokacin da kwamfutar take hannunsa ya saka shi."

Saratu ta shiga ta fito, ta shiga ta fito, har farfesa ta yarda ta gan mu. Saratun ce ta yi mana tafinta. Farfesa ba ta wulaƙanta mu ba, ta ba mu kujera. Na buɗe baki na faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban baƙo ba. Na ce ni na haife ta, kuma mahaifinta ya aiko ni in ce ya yarda.

Farfesa ta ce, "Ni da kaina na tambaye ki. Kika nuna wata."

Saratu ta yi mata bayanin al'adarmu da iyakar iyawarta. Farfesa ta saurara, ta juya ga Ummi ta tambaye ta me take kirana. Ummi ta ce Yaya. Waccan fa? Ta ce Mama. Farfesa ta cire tabarau ta murza idonta.

Ummi ta ce a kira Kabiru a yi masa tambayoyi a gabanta. Farfesa ta ce sun riga sun yi, ya amsa duka, har da abin da ya fi wuya, wato ko ƙanƙarar da ake kankarowa za ta isa ta ciyar da zobe mai wannan faɗi. Ya ce lissafin bai kammala nuna hakan ba, shi ya sa ake buƙatar manyan na'urori. Ummi ta rufe ido. Kalmominta ne, a tsakar gidan Talatu ta faɗa masa su.

Farfesa ta tambaye ni ko na ga lokacin da take aikin. Na ce na gani, a ɗakina aka kwance fankar. Na faɗa mata maganar farin yadi da jaki mai hujajjen buhu. Ta yi ɗan murmushi ta ce wannan ya nuna na ji, shi ma yaron ya ji. Ta ce an riga an aika suna, masu ɗaukar nauyin sun karɓa, ba ta da ikon janyewa a kan maganar mata biyu da kowace ta ce ita ce uwa. In an sake buɗewa Ummi ta dawo, amma da wani aikin, don wannan ya riga ya shiga da suna biyu. Ta raka mu har bakin ƙofa. Ina ganin ta yarda da ni. Yardar ba ta canza komai ba.

Da muka koma Agege an kafa tukunya, ana dafa shinkafar murna. Na sami Talatu a ɗaki tana ƙulla goro a leda don rabo. Na zauna a bakin ƙofa.

"Talatu, na je Ebute Metta."

Hannunta bai tsaya ba. "Na sani. Ai Ikko ba ta da ɓoye."

"Malam ya ce ya yarda. Na ba ki kalmar a ɗakin nan."

"Kin ba ni kalma, kin ba ni yarinya. Ko ba ke kika ce kin sauke ba? Uwa ta duba 'ya'yanta biyu ta ga wanda ya fi buƙata. Asabe, yaron nan sa'o'insa duk sun gama, wasu sun yi aure. Ubansa ya daina yi masa magana. Ke ba ki san abin da nake gani a gidan nan ba. Ita kuwa yarinya ce, kanta yana ja, gobe ma za ta ƙirƙiro wani."

"Shekarunta na jami'a duka a kansa suka ƙare."

"To gidan wa ya tafi? Gidan bare? In Kabiru ya samu ai ita ta samu. Kuma tsakani da Allah, mace ita kaɗai a ƙasar da ba a kiran salla, ke hankalinki zai kwanta? Na rufa miki asiri ne, ba ki sani ba."

Na dube ta. Fuskar nan ce dai da na sani tun ba mu iya ɗaura zane ba. Na nemi kunya a cikinta ban samu ba. Da ta yi kuka, da ta ce shaiɗan ne, wallahi da na san yadda zan yi da zuciyata. Na ce, "Kin san abin da nake nufi da na nuna ki."

"Na sani."

"Kin kuma san ita matar ba ta sani ba."

Ta ƙulle ledar da ke hannunta ta jefa a kwando. "Goro za ki ci, ko in sa miki a jaka?"

Ban iya rigima ba, ban taɓa iyawa ba. Na tashi na fita tsakar gida inda mata suke kewaye da tukunya. Na yi musu sallama na ce ina roƙon su ba ni kunnensu kaɗan. Muryata ba ta da ƙarfi, sai da Bazabarmar nan ta ce a yi shiru. Talatu ta fito ta tsaya a bakin ƙofarta.

Na ce, "A gaban mata aka ba Talatu yarinyar nan ranar sunanta. Waɗanda suka shaida yawancinsu sun rasu. Ina so ku ku zama shaida. Na karɓi abata. Daga yau ba ta da uwa sai ni."

Tukunya tana ta tafasa. Talatu ta yi dariya ta ce, "Yau kuma? Bayan ta girma?" Ba wadda ta taya ta. Kabiru yana zaure da abokansa, bai shigo ba. Ummi ta tura ya miƙo mata kwamfutarta ta hannun wani, farantin kuwa ya ce yana ofishin gidauniya, sun riƙe. Muka ɗauki jakunkunanmu. Bazabarmar ta raka mu har titi, ta cusa mini ƙullin dambun nama a hannu.

Saratu ce ta sauke mu a ɗakinta a Idi-Araba kafin mu sami mota. Ɗaki ɗaya ne, ita da 'ya'yanta. Ta matsar da kujera ta share mana kusurwa, ta je ta tambayo maƙwabcinta Bahaushe inda alƙibla take, ta dawo ta nuna mana. Ta yi tuwon masara da miyar karkashi, ta ce, "Mama, ki ci. Garin nan in ba ka ci ba shi zai cinye ka." Na ci don kada ta ji ba daɗi. Daga wayarta na kira Malam. Na faɗa masa komai. Da na gama ya ce, "Ku dawo gida."

A motar komawa Ummi ce a bakin taga. Cinyarta ba kwali, ta ɗora hannuwanta a kai kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba. Muka fita daga cunkoso, gidaje suka ragu, daji ya fara. Na daɗe ina juya maganar a bakina. Na matsa kusa da ita har kafaɗarmu ta haɗu.

Na ce, "Ummi, zoben nan. Ki faɗa mini yadda yake, daga farko. Ni nake tambayarki."

Ta juyo ta dube ni. Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba.

"Ba yanzu ba, Yaya."

Ta mayar da fuskarta taga. Har muka wuce Ibadan ba ta juyo ba, ni kuma ban janye kafaɗata ba.